Barry Sanders: shin ya kyauta da ya ajiye wasa ana saura ƙiris ya kafa tarihi?

Sanusi Mishigan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya na raka wani baƙo da ya zo daga gida zuwa tsakiyar birnin Detroit, muka bi ta gaban filin wasa na Ford Field, sai ya tsaya yana kallon mutum-mutumin tagulla da aka kafa a wurin a watan Satumba na 2023, ya tambaye ni ko wane ne wannan ɗan gajeren da ya karkace kamar zai faɗi. Na ce masa Barry Sanders ne, mutumin da ya yi wa ƙungiyar Detroit Lions wasa daga 1989 zuwa 1998, kuma har yau mutanen garin ba su gama muhawara a kansa ba. Tun da a wannan zauren muna da masu bin ƙwallon Amurka, na ga ya dace in kawo maganar nan.

Ga waɗanda ba su saba da wasan ba, ana ba ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo dama huɗu ta ci gaba da yadi goma, in ta yi haka a sake ba ta wasu huɗun, har ta kai ƙarshen fili ta samu maki shida. Ana ci gaba ta hanya biyu, ko dai a jefa ƙwallon gaba wani ya cafe, ko a miƙa shi ga mai gudu da ƙwallo ya rungume ya kutsa cikin ƙartan da ke jiran su kayar da shi. Wannan aiki na biyu shi ne na Sanders. A shekara goma ya tara yadi 15,269, ya rage masa 1,457 ya kamo Walter Payton wanda ke riƙe da tarihin yawan yadi na gudu da ƙwallo a lokacin, kuma kaka ɗaya ta ishe shi, domin a kakarsa ta ƙarshe ma yadi 1,491 ya yi. Sai ga shi a watan Yuli na 1999, ana jajibirin shiga sansanin horo, ya aika da takarda ta fakis zuwa jaridar garinsu, Wichita Eagle, cewa ya ajiye wasa, ya hau jirgi ya tafi Landan. Yana da shekara 31 kuma lafiyarsa lau. Tambayata ita ce, mutumin nan ya kyauta, ko kuwa ya yi wa kansa da ƙungiyarsa da magoya baya ba daidai ba?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Sanusi. Kafin a kai ga yadda ya fita, ina ganin ya kamata a fara da yadda ya shigo, domin wanda bai san shekarar 1988 ba ba zai gane girman abin da ake magana a kai ba.

An haife shi a Wichita ta jihar Kansas a 1968, cikin 'ya'ya goma sha ɗaya, mahaifinsa William mai aikin rufin gidaje ne. Tsawonsa bai wuce mita ɗaya da santimita 73 ba, saboda haka tun a sakandare ake raina shi, ba a ma ba shi gurbin mai gudu da ƙwallo ba sai a wasa na huɗu na shekararsa ta ƙarshe, inda ya yi yadi 1,417 a wasanni bakwai da suka rage. Duk da haka manyan jami'o'i ba su waiwaye shi ba, ya ƙare a jami'ar Oklahoma State da ke garin Stillwater. Can ma zaman jira ya yi shekara biyu a bayan Thurman Thomas, wanda shi kansa daga baya ya zama gwarzo a ƙungiyar Buffalo Bills. A lokacin aikin Sanders shi ne tarbar ƙwallon da abokan hamayya suka bugo ya dawo da shi, kuma a 1987 babu wanda ya kai shi a wannan fanni a duk jami'o'in ƙasar.

Da Thomas ya tafi, sai aka sakar masa fili a 1988. A wasanni goma sha ɗaya ya ɗauki ƙwallo sau 344, ya yi yadi 2,628, ya kai ƙwallo gidan ci, wato ƙarshen fili, da gudu sau 37. In aka raba, kusan yadi 239 ke nan a kowane wasa, alhali wanda ya yi yadi ɗari a wasa ɗaya ana cewa ya yi rawar gani. Sau huɗu yana haura yadi 300 a wasa guda. Sannan a wasan rufe shekara na Holiday Bowl da jami'ar Wyoming ya ƙara yadi 222 da ci biyar, bai ma buga zangon ƙarshe na wasan ba, amma hukumar wasannin jami'o'i ba ta haɗa wannan a lissafi ba, domin sai daga 2002 ta fara ƙirga irin waɗannan wasanni. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, waɗanda suka biyo baya an ba su wasanni goma sha huɗu har da na rufe shekara, amma ba su kamo shi ba. Melvin Gordon na Wisconsin ya tsaya a 2,587 a 2014, Ashton Jeanty na Boise State ya tsaya a 2,601 a 2024.

Hajiya Rabi:
Injiniya, ka manta da batun kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. Ranar da aka sanar da ita ba ya ma Amurka, yana Tokyo, domin jami'arsu ta je can ta kara da Texas Tech. An tashe shi da sassafe aka zaunar da shi gaban kyamara aka gaya masa shi ya ci, bai nuna wani ɗoki ba, bayan nan ya shiga fili ya yi yadi 332. Kafin ranar kuwa ya riga ya ce shi a ganinsa Rodney Peete na jami'ar Southern California ne ya cancanta. Allah da ikonsa, shekarar da ta biyo Detroit ta ɗauki su biyun, Peete ya zama mai miƙa masa ƙwallo. Ina kawo wannan ne domin in nuna cewa halin da ya sa ya bar tarihin Payton ba a 1999 ya fara ba, tun yana ɗalibi haka yake.

Abba Fagge:
Gaisuwa ga manya. Ni sabon shiga ne a kallon wasan, ina neman ƙarin haske. Idan ya yi irin wannan bajinta a shekararsa ta uku, me ya sa bai zauna ya kammala ta huɗu ba? Na ji ana cewa a wancan zamanin ba a barin ɗalibi ya fita kafin lokacinsa.

Injiniya Bashir:
Gaskiyarka, Abba, a lokacin gasar NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ba ta saba karɓar wanda bai cika shekarunsa na jami'a ba. Abin da ya faru shi ne, a farkon 1989 hukumar wasannin jami'o'i ta hukunta Oklahoma State saboda saɓa dokokin ɗaukar 'yan wasa, ta hana nuna wasanninta a talabijin da zuwa wasannin rufe shekara na wani lokaci. Laifin ba na Sanders ba ne, amma da ya zauna, da zai buga shekara guda yana shan duka ba tare da kowa ya gani ba, ba kuma tare da an biya shi sisi ba. Ya nemi izini aka bar shi ya shiga zaɓen sababbin 'yan wasa na 1989. Dallas ta ɗauki Troy Aikman na farko, Green Bay ta ɗauki Tony Mandarich na biyu, Detroit ta ɗauki Sanders na uku, sai Derrick Thomas da Deion Sanders suka biyo. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan suna zauren gwarzayen wasan a garin Canton, Mandarich ne kaɗai babu, kuma har gobe magoya bayan Green Bay ba sa son a tuna musu cewa sun tsallake Barry Sanders suka ɗauke shi.

Ɗanladi Jos:
Tun da an zo 1989, bari in shigo da namu. Wanda ya fi kowa yadi a NFL a wannan shekarar ɗan Najeriya ne, Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda ya je Amurka jami'ar Azusa Pacific a matsayin mai jifan faifai, bai taɓa ƙwallon Amurka ba sai da ya haura shekara ashirin, bayan da aka bar shi a baya wajen zaɓen tawagar Najeriya ta gasar Olamfik ta 1984. Ƙato ne mai nauyin fiye da kilo 110, shi ba ya kauce wa mutum, bi ta kansa yake yi. Ya yi wa Kansas City Chiefs yadi 1,480, Sanders ya yi 1,470. Tazarar yadi goma ce kacal, abin da bai wuce shaddar babbar riga da 'yar ciki da wando ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wasan ƙarshe na kakar, da Atlanta, Okoye ya riga ya gama nasa wasan, Detroit na kan gaba, akwai sauran lokaci, kocinsu Wayne Fontes ya ba Sanders damar ya koma fili ya ƙarasa yadin nan goma, ya ce a bar shi, a ci wasa a tafi gida. To ni dai ina da ra'ayi biyu a nan. A matsayina na ɗan Najeriya na ji daɗi da kambun ya zo mana. Amma gaskiya ɗaya ce, Okoye ya ɗauki ƙwallo sau 370 kafin ya tara nasa, Sanders sau 280 kawai, kuma bai halarci sansanin horo na shekarar ba saboda jayayyar kwantiragi, kwanaki kaɗan kafin wasan farko ya sa hannu.

Malam Isuhu Damagaram:
Ina gaida kowa. Na karanta yabon da ake yi, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin alƙaluman ba, amma ina so in tsaya a ɗaya ɓangaren, domin muhawara ba ta daɗi idan kowa ya bi layi guda.

Ni a wurina Emmitt Smith na Dallas ya fi shi amfani ga ƙungiya, kuma dalilina ba yawan yadi ba ne kawai, ko da yake Smith ne ya karya tarihin Payton a 2002 ya kai 18,355. Dalilina shi ne yadda wasan yake. An ce dama huɗu ake bayarwa a ci yadi goma. Mai gudun da zai ba ka yadi huɗu, huɗu, huɗu ba fashi ya fi wanda zai ba ka hasarar yadi uku, sannan sifiri, sannan hamsin. Na farkon yana riƙe maka ƙwallo, yana cinye lokaci, yana hutar da masu tsaronka. Na biyun yana burge 'yan kallo, amma sau da yawa zai bar ka a dama ta uku kana neman yadi goma sha uku, dole ka jefa, abokan hamayya kuma sun san za ka jefa. Sanders yakan ga an toshe gabansa ya juya baya yana neman wata ƙofa, kuma lissafin da aka saba kawowa shi ne ya yi hasarar fiye da yadi dubu a irin waɗannan juye-juye a tsawon wasansa. Har ta kai akwai lokutan da masu horar da shi kan cire shi idan an zo bakin gidan ci ana neman yadi ɗaya ko biyu, su sa wani mai jiki. Shi ya sa cinsa na gudu ya tsaya a 99, na Smith 164.

Sai kuma wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Ya buga shida, ƙungiyarsa ta ci ɗaya. A ranar ƙarshe ta 1994, a filin Lambeau na Green Bay, ya ɗauki ƙwallo sau 13 ya tashi da hasarar yadi ɗaya, a shekarar da ya yi 1,883. Ku kwatanta da Smith a farkon Janairun 1994, lokacin da kafaɗarsa ta goce a wasansu da New York Giants, ya ƙi fita, ya ƙarasa wasan da yadi 168. Kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, uku ne a hannunsa. Sanders ko wasan ƙarshen bai taɓa zuwa ba.

Sanusi Mishigan:
Malam Isuhu, Allah ya ƙara sani, ka kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ko a nan Mishigan akwai tsofaffin da ke faɗin haka. Amma ina so ka duba waɗanda ke gaban kowanensu. Smith yana gudu a bayan Nate Newton da Erik Williams da Mark Stepnoski, daga baya Larry Allen ya shigo, ga Daryl Johnston yana share masa hanya, ga Aikman mai jefa ƙwallo da Michael Irvin mai cafewa da suka sa abokan hamayya ba su isa su tara mutane a kansa shi kaɗai ba. Sanders kuwa a shekarunsa na farko Detroit tana bin wani salon wasa ne da ake baza masu cafe ƙwallo huɗu a fili, babu mai share hanya, babu ƙarin mai tarewa a gefe. Wato da zarar an miƙa masa ƙwallo, sau da yawa akwai wanda ya riga ya iso gabansa. Juyawar da kake gani ba kullum son burgewa ba ce, wani lokacin ita ce kaɗai mafita.

Ba na cewa ba shi da mataimaka, Lomas Brown da Kevin Glover manyan masu tarewa ne, Herman Moore kuma ya kafa tarihin cafe ƙwallo a 1995. Amma ku tuna abin da ya sami ƙungiyar a daidai lokacin da ta fara tashi. A Nuwamban 1991 Mike Utley ya samu rauni a wuya a cikin fili ya shanye. A bazarar 1992 wata babbar mota ta kauce hanya ta kashe Eric Andolsek a farfajiyar gidansa a Louisiana. Mutum biyu daga cikin biyar ɗin da ke tare masa gaba ke nan cikin watanni kaɗan. Kafin nan, a kakar 1991, sun ci wasa 12 sun faɗi 4, suka lallasa Dallas ɗin nan ta su Smith da ci 38 da 6 a watan Janairun 1992, kafin Washington ta fitar da su da 41 da 10. Daga wannan nasara Detroit ba ta sake cin wasan sili-ɗaya-ƙwale ba sai Janairun 2024. Shekara talatin da biyu. Ina ganin wannan ya nuna cewa cutar ta gidan ce, ba ta mutum ɗaya ba.

Kuma duk da hasarar da ka ambata, matsakaicin abin da yake samu a kowace ɗauka yadi 5.0 ne, na Smith 4.2. An riga an cire hasarar a cikin wannan lissafin.

Malam Isuhu Damagaram:
Na karɓi batun Utley da Andolsek, Malam Sanusi, Allah ya kyauta. Amma matsakaici yana ɓoye abu. Idan mutum ya ci abinci sau shida ranar Juma'a ya kwana da yunwa ranar Asabar, a takarda ya ci sau uku a kullum. Wannan shi ne abin da nake nufi, kuma ban janye ba.

Hajiya Rabi:
Malam, misalinka ya yi kyau, amma kakar 1997 ta rushe shi. A shekarar aka kawo sabon koci, Bobby Ross, ya sa masa mai share hanya a gabansa kamar yadda ake yi wa Smith. Wasanni biyun farko yadi 53 kawai ya yi, har aka fara cewa ya tsufa ko salon bai karɓe shi ba. Daga nan ya jera wasanni goma sha huɗu, kowanne sai ya haura yadi ɗari, ya tara dubu biyu cif a cikinsu, jimilla 2,053, matsakaici 6.1. Shi ne na uku da ya taɓa haura dubu biyu, bayan O.J. Simpson a 1973 da Eric Dickerson a 1984, aka raba kyautar gwarzon shekara tsakaninsa da Brett Favre. Wanda ya yi wasa goma sha huɗu a jere bai gaza ɗari ba, ba za a ce yana ci yau ya kwana da yunwa gobe ba. Kuma a shekara goma da ya yi babu wadda ya gaza yadi 1,100, har da 1993 da ya ji ciwo a gwiwa ya rasa wasanni biyar na ƙarshe.

Amma ni ba a nan matsalata da shi take ba. Matsalata ita ce yadda ya tafi. Ina da wani wuri da na taɓa aiki, wata abokiyar aikinmu ta ajiye aiki ana gobe za a fara wani babban aiki da aka tsara a kanta, ba ta gaya wa kowa ba sai takarda muka gani a tebur. Tana da dalilanta, kuma dalilan gaskiya ne, amma mu da aka bari muka sha wuyar. An ce Ross ya yi ta neman Sanders a watannin hutu ta waya da wasiƙa bai samu amsa ba. Da ya faɗa tun watan Fabrairu ko Maris, da ƙungiyar ta nemi madadinsa a zaɓen watan Afrilu. Mutum yana da 'yancin barin aiki, amma sallama tana da ladabi, kuma mutanen da suka shekara goma suna cika Silverdome, filin Detroit na wancan lokacin, dominsa sun cancanci su ji daga bakinsa, ba daga jaridar wani gari a Kansas ba.

Injiniya Bashir:
Hajiya, na yarda da ke a kan lokacin, ban yarda da ke a kan nauyin laifin ba. Ki duba abin da ya gani da idonsa. Lomas Brown ya tafi Arizona bayan kakar 1995, Chris Spielman ya tafi Buffalo, Glover ya tafi Seattle bayan 1997, wato mutanen da suka sha wuya tare ana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya. A wasan da ya cika yadi dubu biyu, da New York Jets, abokin wasansa Reggie Brown ya faɗi a fili numfashinsa ya tsaya saboda raunin wuya, sai da aka yi masa taimakon gaggawa a wurin, kuma bai sake wasa ba. Sannan a 1998 suka ci wasa 5 suka faɗi 11. Mutumin da ya ga Utley, ya ga Reggie Brown, ya ɗauki ƙwallo sau 3,062 ana rafka shi da ƙasa, kuma bai ga alamar kofi ba, idan ya ce sha'awarsa ta fita ta fi sha'awarsa ta zama, kamar yadda ya rubuta a takardar, ni ban ga abin zargi ba. A wannan gurbin 'yan wasa ƙalilan ne ke kai shekara talatin da ƙafafunsu lafiya. Okoye da Ɗanladi ya ambata kaka shida kawai ya yi gwiwa ta tsayar da shi.

Kuma ƙungiyar ba ta yi abin a yaba ba bayan nan. A 1997 ta ba shi dala miliyan 11 kuɗin sa hannu a kwantiragin shekara shida, da ya tafi bayan shekara biyu ta kai ƙara, mai sasantawa ya yanke cewa ya mayar da wani kaso. Ta fuskar doka suna da gaskiya. Amma ya nemi su sake shi ko su sayar da shi ga wata ƙungiya ya biya, suka ƙi. Shekaru bayan haka suka maimaita irin wannan da Calvin Johnson, wanda shi ma ya ajiye wasa a 2016 yana da shekara 30, suka nemi ya mayar da kuɗi, aka yi shekaru ba a ga maciji. Idan gwarzaye biyu mafi girma a tarihin gida na baya-bayan nan duk sun fita da ƙuruciyarsu, sai a tambayi gidan.

Ɗanladi Jos:
Ƙarin bayani kaɗan, a kakar 1999 da ba ya nan Detroit ta ci 8 ta faɗi 8, har ta shiga sili-ɗaya-ƙwale. Kowane ɓangare na iya ɗaukar wannan ya kafa hujja da shi, shi ya sa na ajiye shi a tsakiya.

Abba Fagge:
Yaya Bashir, akwai waɗanda na ji suna cewa ya bar tarihin ne don girmama Payton, wanda ba shi da lafiya a lokacin. Akwai gaskiya a ciki?

Sanusi Mishigan:
Abba, bari in amsa kafin Injiniya ya dawo. Gaskiya ne Payton ya bayyana ciwon hantarsa a farkon 1999, ya kuma rasu ranar 1 ga Nuwamba na shekarar, watanni kaɗan bayan tafiyar Sanders, shi ya sa mutane suka haɗa abubuwan biyu. Amma dalilin da shi Sanders ya yi ta bayarwa daga baya shi ne gajiya da faɗuwa da kuma rashin ganin ƙungiyar ta nufi wani wuri. Ni na fi karkata ga abin da Hajiya ta fara faɗa, cewa tarihin bai taɓa zama abin da ke tuƙa shi ba. Mutum ne da idan ya kai ƙwallo gidan ci, a zamanin da kowa ke rawa da tsalle, sai ya miƙa wa alƙalin wasa ƙwallon ya koma benci. Wanda ya bar yadi goma a 1989 alhali yana matashi mai neman suna, ba abin mamaki ba ne ya bar 1,457 bayan ya samu duk sunan da ake samu.

Akwai kuma batun mahaifinsa, wanda ni a ganina yana da hannu a wannan hali. William Sanders bai taɓa yarda ɗansa ya fi Jim Brown, tsohon gwarzon masu gudu da ƙwallo, ba, kuma Jim Brown ɗin shi ma ya ajiye wasa a 1966 yana kan ganiyarsa, yana Landan a lokacin. Ranar da aka shigar da Barry zauren gwarzaye a 2004, uban ne ya gabatar da shi, ya ce wa jama'a ga mai gudu da ƙwallo na uku a tarihi, bayan Jim Brown da shi kansa William. Aka yi dariya, amma yaron da ya tashi a gidan da ko ya ci Heisman ana ce masa akwai na gaba da shi, da wuya ya ɗauki lamba a takarda ya mai da ita abin rayuwa.

Malam Isuhu Damagaram:
To a nan mun haɗu, Malam Sanusi, ko da yake ta wata ƙofa. Idan tambayar ita ce wa zan biya kuɗi in kalla, Sanders ne, babu ja. Idan tambayar ita ce saura minti huɗu, ina kan gaba da maki uku, ana sanyi, ina so a riƙe mini ƙwallo har a tashi, Smith zan kira. Game da tafiyarsa kuwa, ina tare da Hajiya, ya yi daidai da ya tafi, bai yi daidai da ya yi shiru har jajibiri ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa da ya zauna da ya kai yadi dubu ashirin. Wannan lissafin kan takarda ne. A wasanninsa na ƙarshe na 1998 ƙarfinsa ya ja baya, ya jera wasanni bai kai ɗari ba, kuma babu wanda ya san abin da gwiwar ɗan shekara 32 za ta yi.

Hajiya Rabi:
Malam Isuhu, Payton kam da ya kamo shi, wannan ko kai ba za ka musa ba. Yanzu shi ne na huɗu, bayan Smith da Payton da Frank Gore, kuma Gore sai da ya yi kaka goma sha shida kafin ya tara dubu goma sha shida. Malam Sanusi, idan ka sake bi ta Ford Field ka ɗauko mana hoton mutum-mutumin daga gefe, ina so Abba ya ga yadda ƙafarsa ɗaya ta nufi gabas jikinsa ya nufi yamma, domin bayanin baki ba zai nuna masa dalilin da ya sa ƙartan nan ke rungumar iska ba.

Sanusi Mishigan:
In sha Allahu ranar Lahadi, Hajiya, akwai wasa a gida, sai dai zan je da wuri domin in jama'a suka taru layin masu ɗaukar hoto a wurin yakan kai bakin titi.